Rahoto daga Jamus kan zaɓen ƙwan fitilar zenon mai ƙarin haske

Assalamu alaikum. Wannan rahoto ne zuwa ga 'yan'uwa da abokan arziki da ke gida, musamman masu tuƙin dare waɗanda suke yawan tambayata ko a nan Jamus ana samun ƙwan fitilar zenon da ya fi wanda mota ta zo da shi haske. Ana samu, sai dai ƙarin hasken bai kai yadda rubutun jikin kwali yake sa mutum ya zata ba, kuma sau da yawa dushewar da direba yake kuka da ita ba daga ƙwan kaɗai take fitowa ba. Zan bayyana abin da ke kasuwa a nan, da yadda masu gyara suke aikin sanya shi, da kuma matsayin Ingila da Amurka idan aka kwatanta da Jamus a kan wannan al'amari.

Ƙwan zenon ba shi da siririyar wayar nan da take yin ja ta ba da haske kamar a ƙwan halojin. A cikinsa akwai wata 'yar kwalba da ba ta wuce girman ƙwayar wake ba, an cika ta da iskar zenon da gishirin wasu ƙarafa, kuma wutar lantarki ce take tsallakawa tsakanin tsinken ƙarfe biyu ta haifar da hasken. Kafin ta tsallaka ana buƙatar bugun farko da ya haura bolt 20,000, daga nan sai wani ƙaramin akwati da ake kira balast ya riƙe wutar a kan wat 35. Kamfanin BMW ne ya fara sanya irin wannan fitila a motocinsa na jerin 7 a shekarar 1991, kuma dalilin karɓuwarta a fili yake, domin ƙwan zenon na yau da kullum yana ba da lumen (ma'aunin yawan haske) 3,200, alhali ƙwan halojin na H7, wanda yake cin wat 55, yana tsayawa ne a wajen lumen 1,500.

Abu na farko da mai sayar da kayan mota yake tambaya a nan shi ne lambar ƙwan, kuma idan mutum bai san ta ba sai ya nemi takardar rajistar motar ya duba a kwamfuta. Lambobin da suka fi yawa su ne D1, D2, D3 da D4, kowanne da harafin S ko R a ƙarshensa. Mai S na fitilar da take da kewayayyen gilashi mai tattara haske ne a gabanta, mai R kuwa na fitilar da madubin bayanta ne kaɗai yake watsa hasken, kuma shi mai R yana da wani baƙin fenti a jikin gilashinsa wanda yake tare hasken da zai shiga idon jama'a, abin da ya rage masa ƙarfi zuwa lumen 2,800. D1 da D3 suna zuwa da na'urar tayar da wuta a manne a gindinsu, wani ɗan akwatin ƙarfe mai kusurwa huɗu, D2 da D4 kuwa ba su da ita. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne D1 da D2 suna ɗauke da zaiba kuma suna aiki da bolt 85, yayin da D3 da D4 babu zaiba a cikinsu kuma bolt 42 suke buƙata. Saboda haka D1S da D3S sun yi kama ƙwarai a ido, amma ba a musanya su, kuma masana'anta sun yanka gindin kowanne daban da gangan don kada ya zauna a gurbin ɗan'uwansa. Wanda ya ɗauko wuƙa ya fere wannan gindi domin ya tilasta masa shiga yana jefa balast ɗinsa cikin haɗari ne kawai. Akwai kuma D5S da D8S a wasu motoci na baya-bayan nan, masu wat 25 da lumen 2,000, waɗanda tun asali ba su kai sauran haske ba.

Yanzu sai batun da ya fi jan hankalin kowa, wato manyan alƙaluman da ke jikin kwali. Kamfanoni biyu ne suka mamaye wannan kasuwa a Turai, Osram da Philips. Osram ya fitar da Xenarc Night Breaker Laser, wanda aka rubuta wa ƙarin haske har kashi 200 cikin ɗari, Philips kuma yana da X-tremeVision gen2 mai alkawarin har kashi 150 cikin ɗari. Idan mutum ya juya bayan kwalin ya bi alamar tauraron da ke kusa da adadin, zai tarar da wani ƙaramin rubutu da yake cewa an auna wannan ƙari ne da mafi ƙarancin hasken da doka ta amince da shi, ba da ƙwan da ke cikin motarsa ba. Ƙwan asali mai kyau ya riga ya wuce wannan mafi ƙaranci da nisa, don haka tazarar da ke tsakaninsa da mai tsadar ba ta kai ko kusa da abin da adadin yake nunawa ba. Haka kuma ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 99, wadda ƙasashen Turai suke bi, ta ɗaure kowane ƙwan D1S zuwa D4S a kan wat 35 da lumen 3,200, tare da ɗan sassauci na lumen 450 sama ko ƙasa. Babu kamfanin da zai ninka hasken sau biyu ko uku ya kuma sami hatimin amincewa.

Abin da waɗannan kamfanoni suke yi shi ne su matsa zuwa saman wannan iyaka, su kuma sa tartsatsin wutar ya zama siriri, mai kaifi, yana zaune daidai inda madubin fitila yake tattara haske, ta yadda kaso mafi yawa zai sauka can gaba a kan titi, wurin da ido yake buƙatarsa. Wannan ƙari ne na gaske, kuma a hanyar bayan gari da babu fitilun titi mutum zai lura cewa allunan hanya da gefen kwalta suna bayyana da wuri. A ganina wanda yake doguwar tafiyar dare zai amfana da shi, amma wanda tuƙinsa na cikin gari ne ba zai ga abin da ya biya wa ƙarin kuɗi ba. Sannan irin wannan ƙwai yakan riga na yau da kullum gajiya, shi ya sa Osram yake da wani nau'i dabam mai suna Ultra Life, wanda aka yi domin daɗewa, har kamfanin yana ba shi garantin shekara 10 idan mai saye ya yi masa rajista a intanet.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaukar adadin kelbin a matsayin ma'aunin ƙarfi. Kelbin launi yake aunawa. Ƙwan asali yana wajen kelbin 4,300, fari mai ɗan ratsin rawaya. A 5,000 ya zama fari tas. A 6,000 ya fara shuɗi. Daga 8,000 zuwa sama kuwa shuɗi ne sosai har ya karkata zuwa shunayya, kuma gwargwadon yadda adadin yake hawa haka hasken da ke isa titi yake raguwa. Masu Night Breaker da X-tremeVision duk ba su kai 5,000 ba, kuma wannan kaɗai ya isa shaida cewa masana'antun sun san inda amfani yake. Masu sha'awar launin da ya yi kama da na sababbin motoci suna da Cool Blue Intense na Osram da WhiteVision na Philips, waɗanda doka ta amince da su, amma a daren da ake ruwa, lokacin da kwalta ta yi baƙi tana sheƙi, fari mai ratsin rawaya ya fi nuna hanya.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne ƙwan zenon ba ya mutuwa farat ɗaya. Yana dushewa ne a hankali cikin awa 2,000 zuwa 3,000 na aiki, ido kuma yana sabawa da dushewar har mutum ya kasa tuna yadda hasken yake a da. Idan aka ciro tsohon ƙwai aka ɗaga shi a rana, za a ga 'yar kwalbar cikinsa ta yi hazo, ta yi fari-fari ko toka-toka, maimakon ta kasance garau da ɗan ɗigon gishiri mai launin rawaya a ƙasanta kamar yadda sabo yake. Idan ya kusa ƙarewa sai haskensa ya koma ruwan hoda ko shunayya, ya riƙa ƙiftawa, wani lokaci ya ɗauke sai an kashe an sake kunnawa. Yawancin waɗanda suke yabon ƙwai mai tsada suna kwatanta shi ne da wanda ya shekara takwas ko goma a mota, alhali ko sabon ƙwai na yau da kullum aka sanya musu za su ga kusan irin wannan canji. Don haka ne ake canza su biyu tare, in ba haka ba fitila ɗaya za ta yi fari ɗayar kuma ta yi shuɗi.

Jabun ƙwai ya yi yawa a kasuwannin intanet har a nan Turai, da kwali da tambari da komai. Illarsa ita ce tartsatsin wutar ba ya zama a gurbinsa, ko da kuwa kaucewar ta rabin milimita ce, sai hasken ya watse sama ya bar titi, kuma gilashinsa na waje ba ya tare hasken nan mai ƙona fata da ke fitowa daga ciki, wanda a kwana a tashi yake cinye madubin fitila. Osram da Philips duka suna manna wata takarda mai lambar sirri a jikin kwali, wadda ake shigarwa a shafinsu a tabbatar da sahihancin kayan, kuma ƙwan da aka amince da shi yana ɗauke da harafin E da lambar ƙasar da ta ba da izini, misali 1 na Jamus, 4 na Holan, 11 na Birtaniya. Dokar ciniki a nan tana taimakon mai saye, domin abin da aka saya ta intanet ana iya mayar da shi cikin kwana 14, mai sayarwa kuma yana ɗauke da alhakin aibin sabon kaya har shekara biyu.

Inda na fi ganin bambancin Jamus shi ne a wajen aikin. A motoci da yawa hannu ba ya isa bayan fitila sai an cire taya da rufin da ke samanta, wasu ma sai an sauke bamba, kuma tunda da awa ake lissafin ladan bakanike, garejin dillalin kamfani ya fi gareji mai zaman kansa tsada nesa ba kusa ba, ko da yake aikin ɗaya ne. Abin da ba sa tsallakewa shi ne saitin fitila. Ana tsayar da mota a daɓe mai daidaito, a duba iskar tayoyi, sannan a turo wata na'ura mai ƙafafun gungurawa a gaban fitilar. A cikin na'urar akwai allo da aka ja wa layi, hasken yana sauka a kansa da iyaka mai kaifi tsakanin haske da duhu, miƙaƙƙiya a hagu, mai hawa sama a dama, bakaniken kuma yana juya wata 'yar ƙusa a bayan fitilar har iyakar ta hau kan layin. A jikin fitilar akan rubuta 1.0% ko 1.2%, kuma 1.0% yana nufin hasken ya sauka da santimita 10 a kowace mita 10. Fitilar da ta sunkuya fiye da haka tana rasa mitoci masu yawa na hangen gaba, wanda babu ƙwan da zai dawo da su. A watan Oktoba na kowace shekara gareji da dama suna yin wannan dubawa kyauta a ƙarƙashin wani shiri da aka fara tun 1956. A nan ne kuma ake gaya wa mutum idan murfin robar fitilarsa ya yi rawaya saboda rana, ko madubin ciki ya ƙone, domin a irin wannan hali sayen ƙwai mai tsada asarar kuɗi ce.

Game da sanya zenon a fitilar da aka ƙera domin halojin, Jamus ba ta da sassauci ko kaɗan. Duk fitilar kusa da ta haura lumen 2,000 dole ne ta kasance da na'urar wanke murfinta da kuma na'urar da take daidaita tsayin haske da kanta idan an yi wa mota lodi, kuma motar da aka yi wa irin wannan dashe ba za ta tsallake binciken lafiyar mota da TÜV ko DEKRA suke yi duk shekara biyu ba, har izinin hawa titi tana iya rasawa. Haka hukuncin yake ga balast mai wat 55 da ake tallatawa a intanet, wanda yake ƙara haske amma yake dafa cikin fitila ya kuma gajarta ran ƙwai. Ingila ma ta bi sahu, inda binciken lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT yake kayar da motar da aka mayar da fitilarta ta halojin zuwa zenon ko LED, in ban da tsofaffin motoci na kafin Afrilun 1986. A Amurka dokar tarayya ma ba ta amince da kayan dashen ba, sai dai ba ta wajabta na'urar wanke fitila ba, kuma jihohi da yawa ba sa binciken lafiyar mota, shi ya sa kayan suka cika kasuwa a can. Ƙwan kansa kuwa iri ɗaya ne a ko'ina, domin D1S da aka saya a Ingila, inda ake bin gefen hagu na hanya, zai yi aiki a motar ƙasar da ake bin gefen dama, tunda jikin fitila ne yake karkata haske zuwa gefen hanya.

Wanda zai canza da kansa ya kashe fitila da inji, ya zare makulli, ya cire kan batir, ya kuma bar ƙwan ya huce, saboda bugun da ke tayar da shi yana iya yi wa mutum mummunan lahani kuma iskar cikinsa a matse take. Ba a taɓa gilashin da yatsa, domin maiƙon hannu yana barin tabon da zafi zai ƙona. Sabon ƙwai yana ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi kafin ya cika haske a kowane kunnawa, launinsa kuma ba ya daidaita sai ya yi wasu awanni yana aiki, don haka ba a yanke masa hukunci a daren farko. Tsohon D1 ko D2, saboda zaibar da ke cikinsa, ba a jefa shi a kwandon shara a nan. Ana kai shi cibiyar karɓar shara ta ƙaramar hukuma ko a bar wa garejin da ya yi aikin.