Sharhi Kan Na'urar Leza Mai Auna Gudun Jini a Fata Wajen Bibiyar Lahanin Kemo Ga Jijiyoyi

Na'urar da muke magana a kanta ita ce leza Dopla, mai auna gudun jini a ƙananan hanyoyin jinin fata, haɗe da ɗan faifan da ke ɗumama wurin awon. Mun yi aiki da ita wajen bibiyar masu karɓar maganin ciwon kansa, wato kemo, musamman paclitaxel, oxaliplatin da cisplatin. Hukuncinmu a kanta shi ne tana da amfani matuƙa idan an auna majinyaci tun kafin zagayen magani na farko, aka ci gaba da maimaitawa a wuri guda. Idan kuwa awo ɗaya tal za a yi bayan ƙafa ta riga ta daina jin taɓi, ba ta cancanci kuɗinta ba.

Matsalar da ake son kamawa ba ƙarama ba ce. Wani nazari na 2014 da ya tattara binciken masana da dama ya nuna kusan kashi 68 cikin ɗari na masu karɓar irin waɗannan magunguna suna da alamun lahanin jijiya a watan farko bayan gama magani, kuma kusan kashi 30 suna fama da shi har bayan wata shida. Abin yakan fara daga yatsun ƙafa da na hannu: raɗaɗi, jin kamar ana tsira allura, ko wurin ya mutu murus. Gwajin lantarkin da aka saba yi wa jijiyoyi manyan zaruruwa kaɗai yake gani, ba ya kama ƙananan nan masu ɗaukar zafi da ciwo. Su kuwa ana iya ƙirga su ta hanyar yanko ɗan fata mai faɗin milimita 3 a saman idon sawu, amma babu mai son yanka fatar mutumin da kemo ya rage wa ƙwayoyin daskarar da jini da na garkuwar jiki, balle a yi ta maimaitawa. A nan ne wannan na'ura ta sami gurbinta, domin ba ta huda kowa.

Yadda take aiki ba shi da sarƙaƙiya. Kan awon yana harba haske mai tsawon zango kusan nanomita 780 cikin fata, zurfin da bai wuce milimita ɗaya ba. Hasken da ya ci karo da jajayen ƙwayoyin jini masu tafiya yakan dawo da ɗan sauyi, na'urar ta mayar da shi lamba. Lambar nan yawan ƙwayoyin ne aka ninka da saurinsu, ba mililita ba ce a minti, don haka ba ta da ma'ana sai an kwatanta ta da wata.

Alaƙarta da jijiya ta hanyar ɗumi take. Idan aka ɗumama fata, ƙananan zaruruwan ji sukan saki sinadarai irin su CGRP da ke buɗe hanyoyin jinin da ke kewaye. Jijiyar da ta lalace ba ta iya yin hakan yadda ya kamata. Tsarin da ya fi ba mu sakamako mai tsafta shi ne a kwantar da majinyaci rigingine a ɗaki mai ɗumin digiri 22 zuwa 24 na tsawon minti 20 zuwa 30, ƙafa a buɗe, bai sha shayi, gahawa ko taba ba tun sa'o'i kafin zuwa. A manna faifan a bayan ƙafa, inda babu babbar jijiyar jini, gashi mai yawa ko tabo. A riƙe shi a digiri 33 na minti 10 don samun ma'aunin tushe, sannan a ɗaga zuwa 42 a hankali, kashi ɗaya cikin goma na digiri a kowace daƙiƙa, wato cikin daƙiƙa 90. A allo za a ga layin ya yi tsalle cikin mintunan farko, ya ɗan sauko, sannan ya sake hawa sannu a hankali har ya daidaita bayan minti 20 zuwa 30. Tsallen farkon nan aikin jijiyar ji ne, kuma shi ake nema. Hawan na biyu galibi na sinadarin nitric oxide ne da bangon hanyoyin jini ke fitarwa. Daga ƙarshe a kai digiri 44 na minti 15 zuwa 20 don ganin iyakar buɗewar hanyoyin, a lissafa tsallen farko a matsayin kaso na wannan iyaka. Kowace lamba kuma a raba ta da matsakaicin ƙarfin bugun jinin da aka auna a lokacin, in ba haka ba sauyin hawan jini zai yi kama da sauyin jijiya.

Wannan rabuwa ta matakai biyu ita ce abin da muka fi yabawa. Idan tsallen farko ya ragu amma hawan na biyu yana nan yadda yake, hankali zai koma kan jijiya. Idan duka biyun sun faɗi, to hanyoyin jinin su ma sun taɓu, kuma magungunan kansa, musamman cisplatin, an san suna cutar da bangon hanyoyin jini. Mai karanta lambar ƙarshe kaɗai ba zai taɓa bambance waɗannan biyun ba.

Sai dai aikin yana cin kusan awa ɗaya da rabi, kuma mai fama da tashin zuciya da kasala bayan kemo ba kowane lokaci yake iya kwanciya shiru haka ba. Motsi kaɗan, tari, magana, ko wayar hasken ta girgiza, duk sai layin ya harba sama. A manne wayar da filasta a jikin gado, a kuma sa alama a rikodin duk lokacin da aka motsa.

Babban rauninta shi ne ƙanƙantar wurin da take gani. Hanyoyin jinin fata ba a shimfiɗe suke bai ɗaya ba. Gusar da kan awon da 'yan milimitoci na iya sauya lambar fiye da yadda lahanin jijiyar zai sauya ta. Dole a auna nisan wurin daga gindin yatsa da idon sawu, a rubuta, a ɗauki hoto. Tafin hannu da cikin yatsa kuma a guje su a wannan gwaji, domin suna cike da gajerun hanyoyin da ke haɗa jini mai shiga da mai fita kai tsaye, kuma fargaba ko dogon numfashi ɗaya ya isa ya matse su. Wannan rauni na fasahar ne, ko daga wane kamfani aka saya. Nau'in da ke ɗaukar hoton fili guda na fata ya fi maganinsa, domin yana auna faɗin jan da ya bazu kewaye da wurin ɗumamawa a murabba'in santimita. Masu bincike a Ipswich ta Ingila sun fito da wannan salo a 2004 don masu ciwon sukari, kuma a 2015 suka wallafa gwajinsa a kan masu karɓar kemo. Ya fi tsada, amma ga mai binciken jijiya shi muke ba shawara.

Akwai abubuwan da ke ɓata sakamako waɗanda littafin na'urar ba zai faɗa ba, saboda daga ɗakin kemo suke fitowa. Kafin a saka paclitaxel ana ba da dexamethasone da maganin hana borin jini, kuma gwajin da ke amfani da histamin don tada jan fata ba zai yi daidai ba a wannan rana. A sa awon kafin waɗannan magunguna, a rana iri ɗaya ta kowane zagaye. Ƙarancin jini, wanda ya zama ruwan dare ga masu karɓar kemo, yana taɓa lambar tunda jajayen ƙwayoyi take karantawa, don haka a rubuta yawan jajayen ƙwayoyin jinin kusa da kowane awo. Docetaxel yana kumbura ƙafa, ruwan ya nisanta hasken daga hanyoyin jini. Capecitabine, da ake yawan haɗawa da oxaliplatin, yana sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja su saɓule. Man kashe zafi mai lidocaine yana danne tsallen farko, ƙafa mai lafiya ta fito kamar mai lahani. Hannun ɓangaren da aka cire ƙululun hammata bayan tiyatar nono kuma ba a ɗaura masa ɗamarar awon jini.

Game da launin fata, baƙar fata tana shanye wani ɓangare na hasken, kuma jan da ya bazu ba ya bayyana ga ido. Na'ura mai hasken nanomita 780 ta fi mai jan haske na 633 dacewa, kuma wannan ƙarin dalili ne na kwatanta mutum da awonsa na baya maimakon da lambar wani.

Shi kansa zafin ɗumamawar yana buƙatar kula. Idan majinyaci ya ji ciwo lokacin ɗumamawa, yanayin buɗewar hanyoyin yakan canza, awon ya lalace. Sake ɗumama wurin nan take ba ya gyarawa, domin martanin yakan yi rauni na ɗan lokaci. Wanda ƙafarsa ta mutu kuwa ba zai yi ƙorafi ba ko da zafin ya yi yawa, sai mai awon ya duba fatar da idonsa kafin da bayan aiki. A riƙa daidaita kan awon da ruwan gwajin da ke zuwa tare da shi, a kuma lura da ranar lalacewar ruwan.

Ba ma ganin daidai ne a rage wa mutum maganin kansa saboda wannan lamba kaɗai. Cisplatin da oxaliplatin suna taruwa ne a curin jijiyoyin da ke gefen laka, kuma sau da yawa manyan zaruruwa suke fi taɓawa, har mutum ya riƙa tuntuɓe ko ya kasa ɓalle maɓallin riga alhali awon fatarsa bai nuna wani abin tashin hankali ba. Lahaninsu kuma yakan ci gaba da tsananta na wasu watanni bayan an daina maganin, saboda haka bibiyar ba ta ƙarewa da zagayen ƙarshe. A haɗa awon da ƙarfen karkarwa mai 128 Hz, zaren gwajin taɓi mai nauyin giram 10, da takardar tambayoyi ta CIPN20 da majinyaci ke cikewa da kansa. Cibiyar da ke da ɗaki mai daidaitaccen sanyi, ma'aikaci ɗaya da zai riƙe aikin daga farko zuwa ƙarshe, da damar auna mutane kafin allurar farko, za ta ci moriyar na'urar. Wadda ba ta da waɗannan ukun, gara ta fara da gwaje-gwajen hannu da takardar tambayoyi a kowane zagayen magani.