Zero Delay ko Raspberry Pi Pico: wanne zan sa a akwatin wasa?

Tun da na haɗa akwatin wasa na katako mai sanda da maɓallai takwas ake ta tambayata wane bod, wato allon lantarkin da ke haɗa maɓallan da kwamfuta, ya kamata a sa a ciki.

Zero Delay da wayoyinsa yake zuwa, sai dai ka soka kowace a raminta, ka jona USB, shi ke nan. Ba ruwanka da soda, wato liƙa waya da narkakkiyar dalma. Matsalarsa ita ce wasu sababbin wasannin kwamfuta ba sa ganinsa sai an bi ta Steam ko wata manhaja, domin ba ya yin XInput, wato tsarin da abin sarrafa wasa na Xbox ke amfani da shi a kwamfuta.

Pico kuwa, wanda ya fito a 2021 kan dala 4, tsirara yake zuwa. Za ka ɗora masa GP2040-CE, wato manhajar da ke mai da shi abin sarrafa wasa, sannan ka zauna kana soda waya ɗaya bayan ɗaya. Ni dai sai da na ƙona yatsa, ga wuta da aka ɗauke ina tsakiyar aiki. Amma da ya tashi, kwamfuta ta karɓe shi kamar abin sarrafa wasa na Xbox, kuma saurin amsawarsa daban ne.

Mai son tsofaffin wasanni ba tare da wahala ba, Zero Delay ya ishe shi. Mai wasan faɗa da gaske, wanda hannunsa ya saba da soda, ya nemi Pico.