Hisba, kotun alƙali ko lauya: ina za ki kai maganar saki, riƙo da ciyarwa?

Mace ta fito daga gidan miji da goyo a baya, wani yaron a hannu, ba takardar saki, ba kuɗin cefane. Abin da dangi ke fara cewa shi ne a nemo lauya, alhali kuɗin motar zuwa ofishinsa ma sai an yi karo-karo. A Kano da sauran jihohin da ke da kotunan shari'ar Musulunci ƙofofin suna da yawa, amma kafin ki ƙwanƙwasa kowacce, ki duba irin auren da aka ɗaura miki.

In na rajista ne, dokar raba aure ta 1970 ce ke aiki a kansa, kuma Babbar Kotun Jiha kaɗai ke warware shi. Takardun da Turancin lauyoyi ake cika su, ba a shigar da ƙara kafin auren ya shekara 2 sai da izinin kotu, hukuncin farko kuma sai ya yi wata 3 kafin ya tabbata. Wannan ba tafiyar da zan ce ki yi ke kaɗai ba ce.

Auren waliyyi da sadaki da shaidu shi ne na yawancinmu, kuma a nan ne zaɓi yake.

Hisba, wadda dokar Kano ta kafa a 2003, ita ce mafi sauƙi. A kira mijin, a zaunar da ku, a yi nasiha, a rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu. Akwai sauri, akwai rufin asiri, aljihu ba ya jin jiki. In mijin mai jin kunyar manya ne, nan ma ta wadatar. Sai dai Hisba ba kotu ba ce. Ranar da ya daina aiko da kuɗin yara, takardar nan ba ta da haƙoran da hukunci ke da su. Don haka in an yi sulhu, ki nemi a kai shi gaban alƙali ya mayar da shi hukunci.

Kotun shari'a kuwa tun asali ba don masu lauya aka gina ta ba. Wurin magatakarda za ki je, ki faɗi ƙararki da Hausa, a rubuta, ki biya kuɗin shigar da ƙara da na sammaci, ki karɓi rasit. Ki riƙe adireshin mijin sosai, unguwa da layi da wurin sana'arsa, don sammacin da bai isa hannu ba shi ke sa a yi ta ɗage zama. Masu tare mutane a bakin kotu suna cewa sun san alƙali, ki wuce su; magatakarda yana ciki.

Inda mata suka fi yin asara shi ne sunan da suka ba ƙarar. Tabbatar da sakin da miji ya furta ya musa daban, khul'i daban, neman alƙali ya raba aure saboda cutarwa daban. Khul'i ya fi sauri, shi ya sa ake rububinsa, amma ke za ki fanshi kanki, galibi da mayar da sadaki. Wadda ke da shaidu a kan duka ko rashin ciyarwa tana iya samun rabuwa ba ta biya ko sisi ba, sai dai zaman ya fi tsawo. Ki auna haƙurinki da shaidunki. In kuma khul'in kika zaɓa, ki saurari sharaɗin da kyau, kada cikin ɗokin fita ki amsa cewa kin yafe riƙon yara ko ciyar da su.

A mazhabar Malikiyya uwa ce ke da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. In uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, kakarsa ta wajen uwa ce ke biye, ba uban ba. Ciyarwa kuwa tana wuyan uba ko a hannun wa yaran suke. Kada ki tsaya a kan "ya riƙa ba su abin da ya sawwaƙa". Ki zo da lissafi a rubuce: abinci, kuɗin boko da islamiyya, magani, kayan salla, da rasit ɗin makaranta in akwai. Ki roƙi a ambaci adadi, da ranar biya a wata, da hanyar biya, ta banki ko ta hannun kotu. Sannan ki karɓi kwafin hukuncin, ki yi masa hoto a waya.

Lauya yana zama dole idan mijin ya zo da nasa, ko an gudu da yaro wata jiha, ko rikicin ya haɗa da gida da fili. Ba lallai na kuɗi ba: Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, da aka kafa a 1976, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA suna taimakon marasa hali, sai dai layinsu da tsawo. Ɗaukaka ƙara ma sai da lauya. Kwana 30 alƙali kan bayar, fitar da kwafin shari'ar kuma yakan ci kwanaki, saboda haka in hukunci bai yi miki ba, ki nemi kwafin tun ranar da aka yanke shi.