Ɗauki mai zoben ƙarfen, wasan da yake yi ba ciwo ba ne

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaye ni wanne za ka saya cikin lensunan Canon biyu na 50mm f/1.8, samfurin da ake kira STM ko tsohon da ake kira II. Ɗauki STM ɗin, mai zoben ƙarfe a baya. Wannan ɗan wasan da ka ce yana yi hagu da dama bayan ya kullu a jikin kyamararka ta Canon 600D, har zuciyarka ta karkata ga tsohon 50mm f/1.8 II saboda shi ya zauna ƙam, ba ciwo ba ne. Nawa ma haka yake yi tun ranar da na saye shi, yau shekara shida ke nan, kuma da shi nake cin abinci.

Daren da na kawo shi gida ban yi barcin kirki ba. Ina ɗaura shi na kama na ɗan murɗa, sai na ji ƙis, na mayar, ƙis. Raina ya ba ni cewa wanda ya taɓa faɗuwa aka sayar mini. Gari na wayewa na kai wa maigidana, dattijon da na koyi hoto a hannunsa, wanda ya fara aiki tun zamanin fim. Ya cire lensin, ya juyo mini da bakin kyamarar, ya nuna mini wani ɗan tsinken ƙarfe da ya leƙo a jikin zoben, girmansa bai wuce kan ashana ba. Ya danna maɓallin cire lensi, tsinken ya nutse. Ya saki, ya fito. Sannan ya juya bayan lensin ya ɗora farcensa a kan wani ɗan gurbi, ya ce mini wannan sakata ce da raminta, kuma kafintan da ya san aikinsa ba ya matse ramin sakata, don in ya matse shi, ranar da damina ta kumbura ƙofar ba za ta kullu ba.

Aikin tsinken nan ɗaya ne tak, ya hana lensi warwarewa ya faɗi. Gurbin da yake faɗawa ya ɗan fi tsinken faɗi da gangan, don ya shiga ko ƙarfe ya ɗauki zafin rana, ko sanyin hunturu ya kama shi, ko 'yar ƙura ta shiga. Wannan ratar ce kake ji a hannunka. Abin da ke manne lensi da kyamara daban yake: kunnuwa uku ne a bayan lensin, suna shigewa ƙarƙashin zoben kyamarar, wasu siraran sifirin na ƙarfe kuma su janyo su ciki su danne. Muddin fuskar zoben lensi tana kwance a kan fuskar zoben kyamara, tazarar da ke tsakanin gilashi da sensa, wato farantin cikin kyamara da haske ke sauka a kansa ya zama hoto, ba ta canja ba, kuma ita ce rayuwar hoto. A mahaɗin EF, wato bakin ɗaura lensi da Canon ta fito da shi a 1987, daga fuskar zobe zuwa sensa milimita 44 ne.  Gilashin kuwa zagayayye ne, in ka juya shi kamar faɗin gashi a inda yake zaune, hoto bai san an yi ba.

Da lensin nan mai ƙis-ƙis na ɗauki kamu a ɗakin da fitila ɗaya ce ke ci, idon amarya ya fito tar, ƙawaye a bayanta suka narke kamar hayaƙin turare. Da shi na sha ƙurar hawan Daushe a Kano, na dawo na kakkaɓe shi na ci gaba. Hoton 'yata na ranar suna da ke rataye a falona shi ya ɗauka. Ban taɓa rasa hoto ko ɗaya ba saboda wannan motsin, kuma wasan bai ƙaru ba daga yadda na same shi.

Motsin da ya kamata ka ji tsoro shi ne girgiɗi, irin na haƙorin da zai fita. Wannan na sani, don na biya kuɗin karatunsa. Shekarun baya na sayi wani lensin zum na hannu wajen wani mutum, ba zan faɗi kamfanin da ya ƙera shi ba tunda laifin ba nasu ba ne. A shagon ya zauna daram, ko alamar wasa babu, har ina murna. Mako biyu da fara aiki da shi, na ɗauki hoton dangi a wajen ɗaurin aure, mutum kusan ashirin a jere. Na hagu duk sun fito fes, na dama kuwa dishi-dishi, har da mahaifin ango. Da na kama bakin lensin na ɗaga sama, sai na ga siririn haske ya buɗe tsakaninsa da kyamara. Mai gyara ya kwance zoben bayan, ashe notuna biyu sun cinye raminsu, an ɗura musu gam an mayar. Lensin ya taɓa faɗuwa, aka yi masa kwalliya aka fito da shi kasuwa. Kunyar da na ji a gaban mutanen nan ta fi asarar kuɗin ciwo.

Saboda haka in ka koma, ga abin da za ka yi, kuma da kyamararka za ka je, kada ka yarda a gwada maka a kan tasu. Ɗaura lensin har ka ji ya yi ƙas. Murɗa shi a hankali ba tare da ka taɓa maɓalli ba. In ya ɗan motsa ya tsaya cak, lafiya. In ya wuce ya kama hanyar fita, sakatar ko gurbinta ya cinye, ajiye musu kayansu. Sai ka kama jikinsa kusa da kyamara, ba hancinsa ba, ka tura sama da ƙasa, hagu da dama, kana kallon mahaɗin ta wajen haske. Kada ka ga rata ta buɗe. Ka yi duk wannan kyamara tana kunne, idonka a kan lambar f, wato lambar buɗin idon lensi da kyamara ke nunawa. In ta koma 00 ko Err 01 ya fito yayin da kake murɗawa, to ƙananan haƙoran zinaren da ke kai saƙo tsakanin lensi da kyamara suna rabuwa. Wani lokaci datti ne kawai, ƙyalle mai tsabta busasshe zai gyara. In an goge bai daina ba, ba naka ba ne.

Gwajin da ba ya ƙarya kuwa shi ne na jarida. Manna buɗaɗɗiyar jarida a bango, ka tsaya daidai gabanta, ka buɗe lensin zuwa f/1.8, wato iyakar buɗinsa, ka ɗauka, sannan ka zuƙo kusurwoyi huɗun ɗaya bayan ɗaya. A f/1.8 kusurwa ba ta kai tsakiya kaifi, wannan halinsa ne, amma su huɗun su yi kama da juna. In gefe ɗaya ana karanta rubutu, ɗayan kuma ya dagule, wani abu ya karkace.

Shi kuma II ɗin, ba zan ce ba ya ɗaukar hoto ba. Gilashinsa mai kyau ne, ya fi araha, shi ke nan. Tun 1990 yake, zoben bayansa roba ne, motarsa tana da ƙara, ganyen da ke buɗe idonsa da rufe shi biyar ne inda STM na 2015 ke da bakwai, kuma sai ka ja baya zuwa santimita 45 kafin ya kama abu, STM kuwa daga 35. Matsewar da ta burge ka ba shaidar lafiya ba ce, kuma roba tana cinyewa da yawan cirewa da ɗaurawa. Ba don na taɓa ganin ya ci amanar wani a gabana ba, amma mai biki uku a mako da ke canja lensi sau goma a wuni, ƙarfe ya fi masa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, don wasunsu ba sa tsoron Allah a kan kayan hannu. Sun gane cewa sabon shiga matsewa yake nema, sai su ba shi ita. Cire lensin ka duba kan notunan baya a cikin haske. In kan ya tauna, ko ɗaya ya bambanta da sauran, ko ka ga wani abu mai sheƙi ya bushe a gefensa, an taɓa shiga. Shafa yatsa a kunnuwan nan uku ka ji ko akwai lanƙwasa ko ɓantara. Lensin da sai ka yi kokawa kafin ya kullu, ko kake jin yana gurzar ƙarfe, ya fi mai ɗan wasa hatsari nesa ba kusa ba, don zai iya cinye maka zoben kyamarar kanta. Akwai kuma masu miƙa maka II a kwalin STM, ko na wani kamfani mai kama da shi. Karanta rubutun jikinsa, kuma ka duba bakin: na II milimita 52 ne, na STM 49. Duk wanda ya ce ka biya tukuna ka gwada a gida, ko ya hana ka ɗaukar hoto ko goma a gabansa, yi masa sallama.

Abu biyu kada su firgita ka a STM ɗin. Zoben saita kaifin hotonsa ba ya aiki sai kyamara tana kunne, don motar ce ke tura gilashin, ba hannunka ba, saboda haka in ka murɗa a kashe ka ga shiru, ba lalacewa ya yi ba. Hancinsa da ke fitowa yana komawa shi ma yana ɗan motsi in ka taɓa, wannan ba na mahaɗi ba ne. Kafin ka kashe kyamara ka mayar da saitin nesa don hancin ya koma ciki, sannan ka sa a jaka.

In wata rana noti ya yi sako-sako, kada ka ɗauko sukurudireban gyaran rediyo. Notunan kyamarorin Japan samfurin JIS ne, wato na ma'aunin Japan, na gama-gari yana zamewa ya tauna kan. Kai wa mai gyara ya ɗaure maka, kuma kada ka bari kowa ya kusanto shi da gam. Je ka gwada STM ɗin kamar yadda na faɗa, in ya wuce gwajin jarida ka biya. Allah ya sa albarka a ciki.