Bookshop.org: sayen littafi ta intanet yadda kantin unguwa zai samu rabonsa

Andy Hunter ne ya buɗe Bookshop.org a Amurka a watan Janairun 2020, reshen Birtaniya ya biyo baya a watan Nuwamban shekarar. Manufarsa ita ce mai son sayen littafi daga ɗakinsa ya samu inda zai saya ba sai Amazon ba, kuma wani kaso na kuɗin ya faɗa aljihun ƙananan kantunan littattafai masu zaman kansu. Yana cika wannan alkawari, amma sai mai saye ya san yadda ake raba kuɗin, don a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure.

A shafin kana zaɓar kantin da kake so ya amfana da cinikinka, amma ba shi ne zai ɗauko littafin daga kanta ya naɗe ya aiko maka ba. A Amurka babban dillalin nan Ingram ne ke fitar da kaya daga rumbunsa, a Birtaniya kuma Gardners. Kantin yana da shafinsa ne kawai a dandalin, inda yake jera littattafan da yake ba da shawarar a karanta. In ka saya ta shafinsa, ko ka zaɓe shi kafin ka biya, yana samun kashi 30 cikin ɗari na farashin da ke jikin bango. Littafin dala 20 ke nan zai kawo masa dala 6, bai sayi kaya ya ajiye ba, bai biya kwali ko kuɗin aikawa ba. In ba ka zaɓi kowa ba, kashi 10 ne ake zubawa a asusun haɗaka da ake raba wa kantunan da ke cikin tsarin. Saboda haka kafin ka jefa komai a kwando, ka buɗe taswirar kantuna, ka danna wanda kake so, sannan ka duba ko sunansa ya bayyana a saman shafin. Wanda ya canza waya ko ya share tarihin burauzarsa ba tare da ya shiga asusunsa ba, zaɓin na iya ɓacewa, dala 6 ɗin nan ta koma dala 2 a tukunyar kowa da kowa.

Akwai ƙorafin da wasu masu kantuna suke yi, kuma yana da tushe. Littafin da suka sayar da hannunsu yakan bar musu kusan kashi 40 ko fiye, ga shi mai saye ya shigo ya ga wani littafin ya ƙara. Don haka in kantin da kake ƙauna yana da nasa shafin sayarwa, ko kana iya takawa ka je, hakan ya fi masa alheri. Amfanin Bookshop.org ya fi fitowa ga ɗan ƙaramin kanti mai ma'aikaci ɗaya ko biyu, wanda ba shi da halin riƙe shafin intanet da ɗaure kaya kullum.

Marubuci ma yana da ƙofa. Kowa na iya buɗe shafin talla kyauta, ya jera littattafai, ya samu kashi 10 na duk cinikin da ya biyo ta mahaɗinsa, ban da kason da kamfanin da ya buga masa littafin zai biya shi. Sharaɗin shi ne littafin ya kasance cikin kundin dillalin. Wanda ya buga da kansa sai ya bi ta hanya irin IngramSpark, reshen Ingram na masu buga littafinsu da kansu, da lambar shaidar littafi ta ISBN da cikakkun bayanai. In ba haka ba, ko an nema ba za a gani ba. Wannan ne ya sa littattafan Hausa da ake bugawa a Kano da wuya ka ci karo da su a dandalin, alhali na marubutan Najeriya da suka fito ta kamfanonin da ke rarrabawa a Turai da Amurka suna samuwa.

Ta fuskar farashi kada a yi tsammanin araha irin ta Amazon. Ragin kaɗan ne, galibi kai za ka biya kuɗin aikawa, kuma kaya ba sa isowa washegari. A lura da abin da aka rubuta kusa da farashi: in an nuna littafin ya ƙare a rumbu ana jiran sabon kaya, jiran na iya kai makonni. Mayar da kaya ko ƙorafi kuma wurin Bookshop.org ake kaiwa, mai kantin bai ma taɓa kunshin ba. Babban cikas ga mai karatu a Kano ko Damagaram shi ne shafin ba ya aiko da kaya nan. Ya fi amfanar 'yan'uwa mazauna can, ko wanda ke da mai taho masa da saƙo.

Tun Janairun 2025 sun fara sayar da littattafan karantawa a waya, ribar kuma ta kantin da ka zaɓa ce. Sai dai yawancinsu a kulle suke, a manhajarsu ko a burauza ake karantawa, ba sa buɗuwa a Kindle, na'urar karatu ta Amazon. Mai Kindle ya san da wannan kafin ya biya.

Ga mai sauraron littafi, Libro.fm na bin irin wannan tsari na raba riba da kantin da ka zaɓa, kuma fayil ɗin naka ne, kana iya sauke shi ka ajiye. Tsofaffin littattafai kuwa a neme su a shafin Biblio. Mutane da dama na gudu zuwa AbeBooks, wani shafin tsofaffin littattafai, da zaton sun bar Amazon, alhali Amazon ta saye shi tun 2008, shekarar da ta sayi Audible mai littattafan sauraro, kamar yadda Goodreads, dandalin masu karatu, ya shiga hannunta a 2013.