Masaƙar auduga ko ramin kwal: zaɓin ɗan talaka a Manchester

A farkon shekarun 1830, iyaye talakawa a birnin Manchester na ƙasar Birtaniya da kewayensa suna da wurare biyu da za su kai yaro ya kawo kuɗi gida.

A masaƙa, ƙananan yara ne ke rarrafe ƙarƙashin injin kaɗi yana aiki, suna tsince audugar da ta zube. Waɗanda suka ɗan tasa kuwa suna ƙulla zaren da ya tsinke, a tsaye, awa goma sha biyu ko fiye. Ga zafi, ga ƙurar auduga mai cika huhu. Wanda gyangyaɗi ya ɗauka, injin na iya tafiya da yatsunsa. Duk da haka, a ganina masaƙar ta fi dama-dama, domin doka ta riga isa can. Dokar 1833 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba, ta taƙaita aikin masu shekara 9 zuwa 13 ga awa tara a rana, ta kuma wajabta musu karatun awa biyu. Sai dai sufetoci huɗu kacal aka naɗa wa ƙasar baki ɗaya, don haka ƙaryar shekaru ta zama ruwan dare.

Ramin kwal, kamar na yankin Wigan da ke kusa da Manchester, ba a cewa komai. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai zai yini shi kaɗai cikin duhu, yana buɗe ƙofar iska yana rufewa in amalanken kwal ya zo wucewa. Da sanyin hunturu, sai ranar Lahadi yake ganin rana. Sai a 1842 majalisar dokokin ƙasar ta hana dukkan mata, da kuma yara maza 'yan ƙasa da shekara 10, shiga ƙarƙashin ƙasa.