Kwana uku a masaukan kyauta na bakin Kogin Potomac

Abin da ya fara ba ni dariya a masaukin Devils Alley shi ne famfo. Famfon tuƙa-tuƙa ne sak, na ƙarfe, da dogon hannu, irin wanda na yi shekaru ina bin layinsa da jarka a unguwarmu. Na jingine keke na tsaya ina kallonsa. Yayana, wanda shi ya jawo ni wannan tafiya, ya ce, "To Auta, me kake jira? Ai aikinka ne tun kana yaro." Na ce, "Yaya, ashe har Amurka tuƙa-tuƙa za ta biyo ni." Sai da na buga kusan sau talatin kafin ya yi tari, sannan ya fara zubo da ruwa mai sanyi kamar na randa, jaja-jaja, yana warin tsatsa. A jikin famfon an manna sanarwa cewa ruwan ba na sha ba ne sai an tace ko an tafasa.

Wurin da nake magana a kai wata tsohuwar hanyar ruwa ce da aka haƙa da hannu a jihar Maryland, ana kiranta C&O, wato Chesapeake and Ohio. Ta bi gefen Kogin Potomac tun daga unguwar Georgetown a birnin Washington har garin Cumberland, mil 184.5, wato kilomita kusan 300. An sa mata diga ta farko ranar 4 ga Yulin 1828, shugaban ƙasa John Quincy Adams da kansa ya fara haƙan. Ba ta kai Cumberland ba sai 1850, kuma kafin nan jirgin ƙasa ya riga ta isa garin da shekara takwas, don haka tun ranar da aka buɗe ta take bayan zamani. Duk da haka ta yi ta dakon gawayin kwal har 1924, lokacin da ambaliya ta gama da ita. Jiragen ba su da inji. Alfadarai ne ke jan su da igiya, suna tafiya a wata siririyar hanya ta gefen ruwan. Wannan hanyar alfadaran ita ce yau masu keke da masu tafiyar ƙafa suke bi, kuma a kanta aka jera masaukai 31 na kwana, kowane bayan mil biyar zuwa bakwai ko makamancin haka.

Ba a biyan ko sisi. Ba rajista, ba mai gadi, ba wanda zai tambaye ka takarda. Wanda ya riga zuwa ya zaɓi inda zai kafa tantinsa. Ƙa'idar ita ce dare ɗaya a kowane masauki, gari na wayewa ka ƙara gaba. Abin da za ka tarar kuwa bai wuce huɗu ba: fili mai ciyawa, teburin katako da benci, murhun ƙarfe na hura wuta, da banɗakin roba irin na wurin taro. Sai famfon nan na biyar, idan ka taki sa'a. Babu lantarki, babu wurin wanka, babu kwandon shara, domin dokar dajin gaba ɗaya ita ce duk abin da ka shigo da shi kai za ka fita da shi. Ledar taliyar da muka dafa daren farko sai da ta yi mil ashirin a jakata kafin na rabu da ita a garin Hancock.

Mun hau jirgin ƙasa ne da kekunanmu zuwa Cumberland a ƙarshen watan Satumba, muka kwana a gari, da safe muka kamo hanya. Yaya ya yi ta cika baki cewa gangara ce har Washington. Gaskiya ne a takarda: bambancin tudu tsakanin farko da ƙarshe ƙafa 605 ne, an raba shi a matakalar ruwa 74. Kowace matakala wani ɗaki ne na dutse mai ƙofofin katako gaba da baya, jirgi ya shiga a rufe, a cika ruwa ko a rage, ya hau ko ya sauka kamar ƙafa takwas. Amma a kan keke ba ka jin wata gangara. Shimfiɗe take kamar faifai, kuma duk taku sai ka tuƙa. Ba inda za ka saki feda ka huta.

Kafin mu kai masaukinmu na farko sai da muka ratsa ramin Paw Paw, kuma shi kaɗai ya isa dalilin tafiyar. An huda dutse ne tsawon ƙafa 3,118, kusan kilomita guda, don a kauce wa lanƙwashe-lanƙwashen kogin na mil shida. An yi lissafin shekara biyu, aikin ya ci goma sha huɗu. Ciki duhu ne ƙirin, ba ko ƙwan fitila ɗaya. Sauka muka yi muna tura kekuna, tocila a goshi, ruwa na ɗiga daga rufin bulo yana sauka a ƙeya. Hanyar ba ta fi ta mutum ɗaya da kekensa ba, a gefe ga ruwa, tsakaninku sai wani shingen katako. Na ɗora hannu a kan katakon ina tafiya, sai na ji wasu kwarmi-kwarmi masu santsi. Na haska. Sawun igiyoyin alfadarai ne, shekara da shekaru suna goga har suka ci itacen. Na daɗe a wurin har Yaya ya kira ni daga can gaba, muryarsa na amsa kuwwa.

Sunan ramin ma ya ruɗe ni da farko. Mu a gida in Bature ya ce pawpaw gwanda yake nufi, sai na yi ta waige ina neman bishiyar gwanda a dajin da ake ƙanƙara. Ashe wani ɗan itace ne daban, kore, kamar ƙaramin mangwaro, yana nuna a watan Satumba ya faɗo da kansa. Wani dattijo mai tafiyar ƙafa ya tsinci ɗaya ya fasa mana. Cikinsa rawaya ne mai laushi da manyan ƙwallaye baƙaƙe, ɗanɗanonsa tsakanin ayaba da mangwaro. Ina kai shi baki na tuna gwandar daji. Daga baya na gano ba kuskure harshena ya yi ba, dangi ɗaya suke.

Daren farko shi ne mafi daɗi. Wannan yanki na yamma daji ne sosai, waya ba ta kamawa, kuma mu huɗu ne kacal a filin: mu biyu da wasu mata da miji da suka taso daga Pittsburgh, ta ɗaya hanyar kekunan mai mil 150 da ta haɗe da wannan a Cumberland. Muka tsinci busassun itatuwan da suka faɗi muka hura wuta, muka ɗora shayi a ɗan risho. Da magariba na daidaita alƙibla, wadda daga nan arewa maso gabas take, abin da har yau nake jinsa banbaraƙwai, muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa muka yi kasaru. Maƙwabtanmu suka rage murya har muka idar, ba wanda ya ce uffan. Can cikin dare mujiya ta fara, wata ta amsa mata daga tsallaken kogi. Da asuba hazo ya kwanta a kan ruwan, ga barewa uku suna kiwo taku goma daga tantinmu, ko a jikinsu.

Yanzu maganar ruwa, wadda ita ce gaba ɗaya sirrin wannan hanya. A da ana zuba wa rijiyoyin sinadarin aidin, mutane na sha kai tsaye suna ƙorafin ɗaci. Daga 2023 aka mayar da na waɗannan masaukai ruwan da ba na sha ba. Ga alwala da wanke kwano ba laifi. Ga sha kuwa dole ka zo da matacin ruwa na hannu ko ƙwayoyin tsarkake ruwa, ko ka tafasa. Sannan daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu ana cire hannayen famfunan saboda sanyi na daskarar da bututu, kuma ko a lokacin zafi akan cire na wata rijiyar in gwaji ya nuna matsala. Duk na karanta wannan kafin mu taso. Amma wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Rana ta biyu na ƙi cika gorunana a gari don kada keke ya yi nauyi, na ce ai ga famfo a gaba. Muka iso, famfo na nan tsaye, hannu babu. Na gaba mil shida. Yaya bai ce komai ba, ya miƙo min gorarsa, wanda ya fi zagi ciwo.

A wannan ranar ce kuma aka yi ruwa. Inda aka sabunta hanyar da niƙaƙƙen dutse lafiya lau take, amma inda ƙasa ce zalla sai ta koma taɓo, ga saiwoyi, ga ramuka cike da ruwa da ba ka san zurfinsu ba. Kusa da Hancock akwai tsohon layin dogo da aka mayar hanyar keke mai kwalta, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tamu. Masu tsattsauran ra'ayi na cewa hawa shi ha'inci ne. Mun hau, kuma ban ji kunya ba. Mun isa Jordan Junction, dab da Williamsport, jiƙe sharkaf, kacar keke na ƙara saboda yashi. Itace duk ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa. Garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli ne suka fitar da mu kunya, muna zaune a bakin tanti, sauro na shagali a idon sawunmu. Sauron nan ba ya kawo zazzaɓi irin na gida, amma wajen naci bai bar namu a baya ba, domin dogayen sassan hanyar ruwan sun zama kududdufi mai gansakuka.

Banɗakunan fa? Biyu daga cikin ukun da muka yi amfani da su tsaf suke, har da takarda. Na ukun na buɗe na rufe. Buta dai ka zo da abarka, ko ka yanka gorar roba, don babu wanda ya yi tunaninka a nan.

Dare na uku na yi kuskuren da kowa ke gargaɗi a kai. Mun tsaya yawo a Harpers Ferry, garin da John Brown ya kai hari rumbun makamai a 1859 yana neman tayar da bayi, inda Kogin Shenandoah ke zuba cikin Potomac. Yamma ta yi mana, muka yada zango a wani masauki tsakanin Brunswick da Point of Rocks. A nan dutse ya matse hanyar ruwan da layin dogo wuri ɗaya, matsin da daga 1828 zuwa 1832 kamfanin hanyar ruwan da na jirgin ƙasa suka yi shari'a a kansa. Layin yana aiki har gobe. Jiragen kaya ne masu tarago fiye da yadda za ka iya ƙirgawa, suna wucewa cikin dare, ƙasa na girgiza a ƙarƙashin haƙarƙarinka, ƙarfe na kuka a kan ƙarfe. Na ƙirga biyar kafin na daina. Yaya ya kawo abin toshe kunne bai gaya min ba, ya yi barcinsa har da minshari.

To, da duk wannan, me ya sa nake cewa a je? Saboda ban san wani wuri kusa da babban birni irin Washington da mutum zai yi yini huɗu yana tafiya ba tare da ya yi karo da mota ba, kuma ba tare da ya tsara inda dare zai yi masa ba. Wannan ne ainihin abin da masaukan suke bayarwa. In ƙafarka ta gaji a mil talatin, ka tsaya. In da sauran ƙarfi, akwai wani a gaba. Akwai wasu sansanoni kaɗan da mota ke shiga, ana biya ana kama wuri tun daga gida, amma da zarar ka kama wuri ka ɗaure kanka da agogo. Kuma saura ƙiris a rasa duk wannan. A 1954 an so a shimfiɗa titin mota a kan hanyar, jaridar Washington Post ma ta goyi baya. Wani alƙalin Kotun Ƙoli, William O. Douglas, ya ƙalubalanci editocin su zo su taka ta da ƙafa tare da shi. Suka yi kwana takwas a hanya, mutum tara ne suka kai ƙarshe, jaridar ta sauya ra'ayi. A 1971 aka mayar da wurin gandun tarihi na ƙasa.

Ba zan kai iyali da ƙananan yara masaukan yamma ba, inda babu waya kuma titi ya yi nisa. Ba zan je a tsakiyar bazararsu ba, lokacin da zafi da laima ke haɗuwa da sauro. Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ya fi. Keke mai faɗin taya, kayan faci da famfon iska, tocila ta gaske, batirin cajin waya, matacin ruwa, gora uku a cike ko da ka ga famfo a taswira. Sannan kowane dare ka duba jikinka saboda kaska, domin ta wannan yanki tana ɗauke da cutar Lyme, kuma ƙanƙanuwa ce kamar ƙwayar riɗi.

Ranar ƙarshe muka haye gadar Monocacy mai baka bakwai, wadda a da ruwa da jirage ne ke bi ta kanta a saman wani kogin, muka wuce Great Falls inda 'yan yawon Lahadi suka cika hanya da karnuka da kekunan jarirai. Suna ta kauce mana, ina zaton saboda ƙaurin hayaƙi da tsamin kwana uku. A Georgetown sai da muka yi kusan rabin awa muna neman dutsen da aka rubuta mil 0, yana ɓoye a bayan wani gidan ajiye kwale-kwale. Yaya ya zauna a kansa ya cire takalmi, ya ce in ɗauke shi hoto ya tura wa Hajiya. Na ɗauka. Da na buɗe jakata neman caja, sai ga pawpaw biyu da na ɓoye tun ranar farko don in kai gida, sun narke a cikin rigar sallata.